Ba kowane sabo ne turken wawa ba

Shekara 17 ke nan ina riƙe da ƙaramin shagon buga takardu a nan Damagaram, ba nisa da Kasuwar Dole. Muna buga wa ɗalibai kundin kammala karatu, muna shirya wa ƴan kasuwa faktir da takardun neman kwangila, kuma da yake mutane sun ɗauka duk wanda ke wuni gaban kwamfuta ya san cutarta da maganinta, akan aiko a kira ni idan ta wani shagon ta ƙi aiki. Ta haka ne na sha ganin abin da ke faruwa a ranar da manhaja ta wayi gari da sabuwar fuska, kuma abin da na gani ya sa na daina yarda da masu cewa jahilci ko tsoron sabon abu ne ke sa mutanenmu ƙin irin wannan sauyi.

A goman ƙarshe na azumin bara, wani Alhaji mai sayar da kayan masarufi a sari, shinkafa da sukari da man girki da taliya, ya aiko yaronsa da kabu-kabu ya ɗauke ni da hantsi. Shekara 6 ke nan yana amfani da wata manhajar lissafin ciniki da ƙidayar kayan mangaza, wadda wani kamfani na waje ya yi, ana biyan kuɗinta shekara-shekara. A daren da ya gabata manhajar ta sabunta kanta, abin da muke kira mizajur, ba tare da ta nemi izinin kowa ba. Na tarar layi ya kai bakin titi, ga masu ƙananan shaguna na cikin gari, ga waɗanda suka taso daga Mirriya da Matamaye da motocinsu suna jiran a yi musu lodi kafin rana ta take.

Saurayin da ke kan kes, wato wurin karɓar kuɗi, na san shi da sauri tun ba yau ba. A da ba ya ko kallon kwamfutar sosai: yatsunsa su buga lambar kaya, ya tsallaka ya sa adadi, ya kai linzami kusurwar ƙasa ta dama ya danna, idonsa kuwa yana kan mai saye ko a kan buhunan da ƴan dako ke fitarwa. Wannan safiyar an maye gurbin duk wannan da manyan hotunan kaya masu launi, sai ya nemi hoton shinkafa a cikin hotuna, ya buɗe wani akwati ya zaɓi girman buhu, sannan ya dawo ya rubuta adadi. Abin da ya fi muni shi ne an musanya wurin maɓallai biyu. "Valider", wanda ke tabbatar da ciniki, ya koma hagu, shi kuma "Annuler", na sokewa, ya zauna a kusurwar dama inda hannun yaron ya shekara 6 yana zuwa. Ko ka tabbatar ko ka soke, shafin yakan share ya buɗe sabo, kuma a cunkoso irin na ranar ba kowane mai saye ke jiran takarda ba, shi ya sa bai farga da wuri ba. Kafin in iso an karɓi kuɗi, kaya sun bar mangaza, amma kwamfuta tana nuna buhunan suna nan ba a taɓa su ba.

Alhaji ya dube ni ya ce, "Malam, ni ban ce a gyara mini komai ba. Abin da nake biya wa kuɗi kowace shekara shi ne abin nan ya yi aiki yau kamar yadda ya yi jiya." Muka kira wakilin kamfanin a waya. Ya yi magana cikin ladabi, ya ce sabuwar fuskar ta fi sauƙi, an yi ta ne don jin daɗin masu amfani, kuma za mu saba. Da na tambaye shi hanyar komawa tsohuwar, ya ce babu. Nan take Alhaji ya sa aka ɗauko babban littafin nan mai baƙin bango daga saman kabad, aka kaɗe ƙurarsa, ciniki ya ci gaba da biro har aka sha ruwa.

Na san abin da wasu za su ce, domin na ji shi daga bakin samari masu ilimin zamani: sabo turken wawa ne, kuma idan kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. Ni a ganina abin da ke hannun wannan saurayi ya wuce sabo, sana'a ce. Duk wanda ya taɓa zama wurin dukawan garin nan ya ga yadda baduku ke miƙa hannu ya ɗauko basilla ko wuƙa ba tare da ya ɗaga kai daga fatar da yake ɗinki ba. Idan wani ya shigo da dare ya jera masa kayan aikinsa bisa wani tsari da ya fi kyan gani, washegari gwanin nan zai koma kamar ɗan koyo, zai iya ma yanke yatsa, kuma ba mai cewa ya ƙi ci gaba don ya yi fushi. Mai aiki da manhaja ma haka yake. Sanin da ya tara yana cikin yatsunsa, shi ne jarinsa, shi ne abin da ya bambanta shi da wanda aka ɗauka jiya. Sabuwar fuska tana iya shafe wannan jari a dare ɗaya, kuma wanda ya shafe shi ba shi ne zai biya asarar ba.

Batun tsoron sabon abu kuwa ba ya ma tashi a gari irin namu. Tsakaninmu da Kano kimanin kilomita 240 ne, kuma kwamfutocin da ke shigo mana ta can suna zuwa da madannai na tsarin QWERTY, alhali waɗanda aka koya mana a makaranta na tsarin AZERTY ne, inda A da Q suka musanya wuri. Yaran shagona suna tashi daga wannan su zauna gaban waccan ba tare da gunaguni ba. A Excel na Faransanci sukan rubuta SOMME, a na Ingilishi su rubuta SUM, kamar yadda ɗan kasuwa ke juya lissafi tsakanin sefa da naira a kansa. Mutanen da suke iya wannan ba koyo ne ke ba su tsoro ba. Abin da suke ƙi shi ne a tilasta musu sake koyon abin da suka riga suka iya, a lokacin da ba su zaɓa ba, don wata riba da ba su gani ba.

Wannan ƙorafi ba namu ne mu kaɗai ba, kuma manyan kamfanoni sun ɗanɗana shi. A watan Oktoba na 2012 Microsoft ya fitar da Windows 8, ya cire maɓallin "Démarrer" da ke kusurwar ƙasa ta hagu tun zamanin Windows 95, ya sa cikakken shafi na manyan akwatuna masu launi a madadinsa. Dalilin a fili yake: iPad ya fito a 2010, kasuwa ta karkata ga na'urorin da ake shafawa da yatsa, kamfanin kuma yana son fuska ɗaya da za ta yi aiki a kansu da kan kwamfutar tebur. Damuwar kamfani ce wannan, ba ta akawun da ke zaune da linzami da madannai ba. Ofisoshi da yawa a duniya suka ƙi motsawa daga Windows 7, wasu mutane kuma suka riƙa sa ƙananan manhajoji irin su Classic Shell don su dawo da abin da aka cire. A 2013 Windows 8.1 ya maido da maɓallin, a 2015 kuma Windows 10 ya maido da jerin umarnin da ke ƙarƙashinsa. A farkon 2018 Snapchat ya sake fasalin manhajarsa, mutane fiye da miliyan 1.2 suka sa hannu a takardar koke ta intanet, bayan ƴan watanni kamfanin ya janye wani ɓangare na sauyin. Sonos, mai ƙera lasifikokin gida a Amurka, ya fitar da sabuwar manhaja a watan Mayu na 2024 wadda ta rasa wasu ayyukan da tsohuwar ke yi, shugabansa ya nemi afuwa a fili, kuma a Janairun 2025 ya bar kujerarsa. Waɗannan masu ƙorafi ba wanda zai ce ba su iya karatun boko ba.

Adalci shi ne in faɗi cewa akwai sauyin da ya cancanci wahalar da ya jawo. Office 2007 ya zubar da tsofaffin jerin umarni na "Fichier" da "Édition" da sauransu kamar yadda aka san su, ya kawo faffaɗan layin nan na sama da ake kira Ruban, kuma an yi ta surutu a kansa a ko'ina. Amma masu ƙirarsa suna da hujja mai ƙarfi. Jensen Harris, ɗaya daga cikin waɗanda suka jagoranci aikin, ya bayyana cewa Word 2003 ya kai ga layukan kayan aiki 31, har ta kai mutane suna roƙon a ƙara musu abubuwan da suke cikin manhajar tuntuni, sun dai ɓace a cikin tarin umarni. Matsalar mai amfani ce aka tunkara a nan. Na ga shaidar haka a shagona, domin yaran da suka fara koyo a kan sabon tsarin sun fi saurin gano inda ake sa tebur ko lambar shafi fiye da yadda muka gano a namu lokacin. Abin da ya sauƙaƙa wa tsofaffin hannu kuwa shi ne an bar musu gajerun hanyoyin madannai yadda suke: Ctrl da S yana nan yana ajiye aiki, Ctrl da G a Word na Faransanci yana nan yana kaurara rubutu. Ido ya sake koyo, hannu kuwa an ƙyale shi da abin da ya sani. Wannan ne masu manhajar Alhaji suka kasa yi.

Ɗan kasuwa ko shugaban ofis yana da nasa lissafin da mai zanen fuska ba ya gani. Idan fuska ta sauya, akwai kwanakin da aiki zai yi tafiyar hawainiya, akwai kurakuran da sai daga baya za a gano su, akwai takardar da aka liƙa a bango mai bayanin matakan rufe kes wadda ta zama banza, akwai kuma tsohuwar na'urar fitar da takarda da ba a san ko za ta yarda da sabon tsari ba. A wasu lokuta ma sai an sayi sabuwar kwamfuta. Windows 11, wanda ya fito a 2021, yana buƙatar wani ɓangaren tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma yawancin kwamfutocin da nake gani a shagunan garin nan na hannu ne, waɗanda suka gama hidima a ofisoshin Turai kafin su iso mana, da yawansu ba su cika sharuɗɗan ba. Tallafin Windows 10 kuwa ya ƙare a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Mutumin da ribarsa a buhun sukari ba ta taka kara ta karya ba, idan ya ce a bar masa abinsa yadda yake, lissafi ya yi, kuma lissafinsa daidai ne a ma'aunin shagonsa.

Akwai kuma wani ɓangare da ya fi taɓa ni, wanda ban taɓa jin an yi maganarsa yadda ya kamata ba. Mahaifiyata tana zaune a unguwar Birni, tana karanta Alƙur'ani, amma ba ta yi boko ba, Faransanci kuwa ko gaisuwa ba ta haɗa su ba. Duk da haka ta shekara tana duba kuɗin da ƙanena ke aiko mata ta wata manhajar waya, har tana tura wa ƴar'uwarta a ƙauye. Ba kalma take karantawa ba. Ta san abu na biyu daga sama, ta san koren akwati, ta san inda lambobi ke fitowa, ta kuma san cewa idan ta ga alamar nan mai kama da ƙugiya to an gama. Ni na zauna da ita a tabarma yamma uku na koya mata, tana maimaitawa da baki kamar hadda. Ranar da manhajar ta sauya, koren ya zama shuɗi, abin da ke sama ya koma ƙasa, aka cusa tallace-tallace a tsakiya. Ta kira ni ta ce, "Ɗan nan, an canza mini waya, ba tawa ba ce wannan." Na ce, "Inna, taki ce, danna na biyu daga sama." Ta ce babu shi. Na duba tawa wayar na ga tsohuwar fuska tana nan, domin kamfanoni sukan saki sabon fasali rukuni-rukuni, wasu su samu yau, wasu sai bayan makonni. Muna magana a kan manhaja ɗaya, amma abin da take gani daban, abin da nake gani daban.

Ga mai karatu, sauyin wuri ƙaramar wahala ce, domin zai bi da ido ya nemo kalmar da ya sani. Ga wanda ba ya karanta harshen da ke kan fuskar, wurin shi ne kalmar, launin shi ne ma'anar. Kuma dubban mutane a wannan jiha da haka suke amfani da waya, da taimakon ɗa ko jika ko mai shagon caji da ke kwatanta musu da baki: na uku daga hagu, mai launin ja, kada ki taɓa na ƙasa. Wannan makaranta ce ta baka da ba a rubuta ta a ko'ina ba, kuma duk sabon fasali yana rushe darasinta gaba ɗaya. Inna ba ta sake taɓa manhajar ba har tsawon wata biyu. Tsoronta shi ne kada ta danna wani abu kuɗin ya tafi inda ba za a iya dawo da shi ba, kuma wannan tsoro ne na mai hankali. Ta koma aiken jikanta wurin mai shagon tura kuɗi, da kuɗin kabu-kabu da ladan mai shago, a kan abin da a da take yi daga kan darduma.

Abin da ke tayar mini da hankali shi ne inda wannan ke kai mutane. Duk wanda sabuntawa ta taɓa ƙona shi, abu na farko da yake roƙona shi ne in kashe masa mizajur kwata-kwata. Ga tsadar forfe, wato kuɗin intanet, da raunin rezo da suka riga suka sa mutane ba sa son sauke manyan abubuwa, sai kuma a ƙara musu dalili. Amma a cikin sabuntawar nan ne ake toshe ƙofofin da ɓarayin intanet ke bi. A watan Mayu na 2017 cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta kulle na'urori a ƙasashe kusan 150, har da asibitocin Ingila, alhali maganin ɓarakar da ta bi ya fito tun watan Maris, waɗanda abin ya shafa ba su sa shi ba ne. A shagona kusan kowane mako sai an kawo mini kile, ɗan abin ajiyar nan na USB, mai ɗauke da cutar da ke ɓoye takardun ɗalibi. Idan mai manhaja ya ɗaure gyaran tsaro da sauyin fuska a ƙulli ɗaya, yana koya wa mutane su ƙi duka biyun, kuma alhakin abin da ya biyo baya ba a kansu kaɗai yake ba. Abubuwa biyu ne mabambanta, kuma ana iya raba su.

Yanzu muna da samari da ƴan mata da suka fito daga Jami'ar André Salifou da sauran makarantu suna rubuta manhajoji na kansu, na kantin magani, na makarantu masu zaman kansu, na ƙungiyoyin adashi. Wasunsu sukan zo shagona, kuma nakan ga yadda suke ɗokin sake fasalin aikinsu duk bayan ƴan watanni don ya yi kama da abin da suke gani a manhajojin waje. Ina jin daɗin himmarsu, kuma abin da nake gaya musu shi ne mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kafin su matsar da maɓalli ɗaya, su je su zauna kusa da mai kes ranar Alhamis da kasuwa ta cika, su kalli hannunsa, su ƙirga sau nawa yake zuwa kowace kusurwa. Idan sauyin ya zama dole, su bar tsohuwar fuska a gefe na wasu watanni, mutum ya koma mata da dannawa ɗaya. Su yi sanarwa tun da wuri, da Hausa, da saƙon murya, domin shi ne abin da mutanenmu ke saurare. Kada su saki sabon abu a jajibirin salla ko a makon komawa makaranta. Kuma maɓallin da ke taɓa kuɗi, na tabbatarwa da na sokewa, a bar shi inda yake sai da dalili mai girman gaske. Suna da abin da kamfanin waje ba shi da shi, wato suna iya taka ƙafa su je shagon su gani.

Bayan salla muka zauna da Alhaji da yaron kes dare uku bayan isha'i muna daidaita littafi da kwamfuta, muna bin faktir ɗaya bayan ɗaya, har muka gano duk cinikin da aka soke bisa kuskure, sai buhu 4 na shinkafa da ba mu san wanda ya ɗauka ba har yau. Yaron ya koyi sabuwar fuskar, ya liƙa ƴar farar takarda a kusurwar dama ta gilashin don ta tsayar da hannunsa kafin ya danna, amma ya gaya mini har yanzu bai kai saurinsa na da ba. Bayan wata 5 kamfanin ya ƙara wani zaɓi a can cikin saituna wanda ke maido da shigar da kaya ta lamba, abin da ke nuna cewa ba daga Damagaram kaɗai aka yi kuka ba. Alhaji bai mai da baƙin littafin saman kabad ba, yana nan a gefen kes ana rubuta kowane ciniki sau biyu. Wayar intanet ɗin kwamfutar kuma ya sa an zare ta an nannaɗe a aljihun tebur, ba a jona ta sai ranar da na zo, na fara karanta abin da sabuntawar za ta taɓa, sannan ya ce a sa ko a bari.